Bokitin Bitrus a Hanyar Hatta

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Laure, matar marigayi Malam tela na Malumfashi. Ban iya riƙe alƙalami ba, ina faɗa ne Hassana 'yar ƙanwata tana rubutawa. Matan unguwa sun sha tambayata abin da na gano a Dubai, kullum sai in ce musu benaye da fitilu. To, yau ga sauran.

Malumfashi zuwa Kano

Mun bar gida ana kiran assalatu, damina ta yi tsakiya, ban daɗe da fita takaba ba. Malam ya rasu da bazara. Har yanzu in na ambace shi sai in tsaya, Hassana ta ajiye biro ta jira ni. Autana Sagir, shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar mana, yana aiki a rumbunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna wurina. Shi ya ce zaman kuka a ɗakin da babu Malam zai kwantar da ni, in je in yi wata guda a wurinsa.

Na ɗaure masa tsaraba: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, busasshen kifi da daddawa mai yawa. Ba mu kai Dayi ba direba ya sauke gilashi ya ce, "Iya, wannan kaya naki ai ko jirgin sama sai ya yi atishawa." Mutanen mota suka yi dariya, ni ban iya ba. Muka wuce shinge biyu kafin Gwarzo, hantsi ya yi muna filin jirgi na Kano.

Kano zuwa Dubai

Ban taɓa hawa jirgi ba. Da ya ɗaga na runtse ido ina salati. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata 'yar kasuwa mutuniyar Maraɗi, Hajiya Balki. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta riƙe hannuna a Adis Ababa inda muka sauya jirgi, ta hau da ni matakalar nan mai tafiya da kanta. A hanya ta ce mini, "Mama, ƙasar da za ki akwai daɗi, amma ba a ba da haƙuri a can. Ba ruwansu da ɗan wane ne kai. In suka same ka da abin da doka ta hana, sai kurkuku, daga kurkuku sai jirgi. Khalas." Na tambaye ta mene ne khalas, ta ce an gama ke nan.

Mun sauka gab da asuba. Wani ma'aikaci mai farar jallabiya ya buɗe jakata, ya shaƙi daddawa, ya yi maza ya rufe, ya nuna mini ƙofa. A waje na hango Auta. Ya yi kama da ubansa a tsaye. Na rungume shi ina kuka a gaban jama'a.

Karama

Unguwarsu Karama take da suna, tsofaffin benaye a manne da juna, shaguna a ƙasa, mutane kala-kala. Zafin garin kuwa kamar an buɗe maka madambaci a fuska. Gidan a hawa na huɗu yake, ɗaki biyu da falo. Ɗaya na Auta, ɗaya na abokin zamansa Bitrus, Kirista mutumin Jos, kuku a wani otal. Ya tafi gida aure, shi ya sa aka ba ni ɗakinsa. Auta ya ce lokacin da ya zo ƙasar ba aiki ba wurin kwana, Bitrus ne ya ɗauke shi, ya ciyar da shi wata da watanni.

Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa. A kusurwa akwai labule. Auta ya ce, "Inna, abu biyu nake roƙo. Kayan bayan labulen nan na Bitrus ne, kada ki taɓa. Esin nan kuma kada ki kashe." Esi ita ce na'urar da ke hura sanyi. Ban tambayi dalili ba, ya kuma ƙi faɗa.

Da sassafe yake fita, sai magariba yake dawowa. Ni kaɗai a ɗaki, gwiwoyina suna sara, bargo biyu ba su ishe ni ba. Ni da na saba shimfiɗa tabarma a rana ko da bazara. Na lura da jan maɓallin da yake dannawa a falo, sai na gwada a nawa, abin ya yi shiru. Na buɗe taga, iska mai zafi ta shigo, jikina ya saki. Daga ranar in ya fita sai in kashe, in an yi la'asar in kunna. Na ce a raina wuta ma na rage masa.

Ana cikin haka na fara jin wani sauti a bayan labule. Ƙul. Can kuma ƙul. Da farko jifa-jifa, daga baya ya zama kamar tukunya na shirin tafasa. Na yi ta karanta abin da na iya ina tofawa. Ranar Alhamis da azahar sai na ga kumfa mai ruwan ƙasa yana biyo tayil daga ƙarƙashin labulen. Na ɗaga. Jarka biyu manya da farin bokiti mai murfi, kowanne da 'yar roba lanƙwasasshiya a ka, da ɗan ruwa a ciki yana tsalle. Bokitin ne ya yi ambaliya.

Warin na san shi. Ina yarinya hanyar rafinmu ta bi ta bayan gidajen Maguzawa, ranar da suka dafa burkutu kowa ya sani. Sai dai wannan ya fi tsami, kamar nonon da ya kwana uku an zuba a turken awaki bayan ruwan sama. Na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da na ce, "Malam, zo ka gani," ba.

Da Auta ya shigo, tun daga ƙofa ya tsaya cak.

Na ce, "Kana sha?"

Ya ce, "Wallahi, Inna, ban taɓa kaiwa bakina ba."

"Amma ka san tana nan."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sani, ya kasa buɗe baki ya hana mutumin da ya rufa masa asiri. Ya shiga ɗakin, ya ji bango da ɗumi, ya dube ni. Na ce ni na kashe. Ya dafe kai. Sannan ya yi mini bayani. A lokacin nan ko ajiye giya a gida sai mai takardar izini, Musulmi kuwa ba a ba shi, dafawa a gida kuma ba a yarje wa kowa ba. Takardar hayar gidan da sunansa take. In aka shigo, ba Bitrus za a tambaya ba.

Muna cikin goge kumfa aka ƙwanƙwasa. Maigadin bene ne, wani siririn mutumin Indiya. Auta ya fita ya ja ƙofa. Da ya dawo ya gaya mini abin da ke tafe da shi. Maƙwabta sun kai ƙarar wari, ana zaton bututun ban-ɗaki ne ya fashe. Ranar Asabar da safe mai kula da benen zai zo da mai gyaran famfo, su shiga kowane gida a hawanmu.

Na ce a tuttular a ban-ɗaki yanzu. Ya ce bututun ɗaya ne har ƙasa, warin zai taso a kowane gida, a gane daga ina ya fito. Ya kira Bitrus a waya ya buɗe murya.

"Mama, sannu da zuwa! Ya muka ji da haƙuri?" Murya mai daɗi, yaro mai ladabi.

Na ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa. Bitrus, me ka ajiye wa ɗana a ɗaki?"

Ya fara in-ina. Wai ba irin giyar kasuwa ba ce. Wai a Beljiyam inda ya koyi girki ya samo yis ɗinta, wani iri ne da ke cin zaƙi a hankali yana mai da shi tsami. Jarkokin nan shekara ɗaya da rabi yana renonsu. Bokitin kuwa kafin ya tafi ya zuba masa dabino, shi ya sa da zafi ya taɓa shi ya haukace.

Na ce, "Reno? 'Ya ce? Ka zauna shekara da rabi kana jiran abu ya lalace?"

Ya ce, "Mama, tsamin ne daɗinta."

Na ce, "To ga tsamin ya fito har bakin matakala."

Bitrus ya roƙi Auta. Wai yana da aboki mai kula da wata gona a Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman. A kai masa, ba wanda ke zuwa wurin. Auta ya amsa. Na ce da ni za a je. Ya ce ko kusa. Na ce, "Ranar da aka fita da ubanka asibiti, cewa aka yi in zauna gida in jira. Na jira. Ba zan sake zaman jira ba." Bai ƙara musu ba.

Karama zuwa Sharja

Juma'a bayan sallar asuba, ranar hutunsu ce, gari shiru. Muka naɗe jarkokin da bokitin cikin zannuwana, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya ya sa a but ɗin 'yar motarsa. Ya cire robobin kansu ya ɗaure murafan tam don kada su zuba. Duk da haka motar ta ɗauki wari. Na koma sama na ɗauko daddawar nan da busasshen kifi, na kwance bakin ledojin na baza a kujerar baya. Auta ya ce, "Inna, za ki kashe mu kafin a kama mu." Dariyar da muka yi ke nan a ranar, ita ma ba ta daɗe ba.

Na san ɗaukar abin nan ma laifi ne a wurin Allah. Ina jan carbi ina istigfari, ina jin ruwa na kaɗawa a bayana.

Benaye suka ƙare, muka shiga jan rairayi, raƙuma a bayan waya suna kallonmu. Titi shimfiɗe ba rami ko ɗaya, ba shinge, ba mai tsayar da kai, sai na'urorin ɗaukar hoto a kan sanduna. Ni kam na fi son shingen Gwarzo, inda za ka ga fuskar mutum ka gaishe shi. Can Auta ya ce, "Yanzu ƙasar Sharja muke takawa. A nan ko mai takarda ba a yarda ya ratsa da kwalba ɗaya ba." Na ce me ya sa ya gaya mini. Ya ce don in ƙara addu'a. Ya tsaya a wani gidan mai ya sayo mini shayi mai madara da suke kira karak, dirhami ɗaya. Na riƙe kofin har ya huce ban kurɓa ba.

Cikin duwatsu

Rana ta ɗaga sosai muka shiga duwatsu baƙaƙe, ba ciyawa ba itace. Auta ya ce mun kusa, mun koma yankin Dubai. Bai rufe baki ba muka ji fum! a baya, kamar taya ta fashe. Ya gangara gefe, ya fita da gudu ya ɗaga but. Murfin bokitin ne ya yi sama, kumfa ya wanke zannuwana. Yana danna murfin da gwiwa na hango mota a madubi, fitila na walƙiya a kanta. Ta rage gudu. Ta tsaya a bayanmu.

Auta ya rufe but ya jingina da shi. Ɗan sanda ya fito, matashi, gemu a gyare, bai fi sa'ar Auta ba. Ya yi sallama, suka yi magana da Turanci da Larabci, ban ji ko ɗaya ba. Ya karɓi katin Auta ya duba. Sannan ya zagayo ta wajena ya leƙo. Daddawa ta tare shi, ya ja da baya yana yatsina fuska, Auta ya ce wani abu, na ji kalmar Afirka. Ɗan sandan ya murmusa. Amma sai ya juya ya dubi but ɗin. Ni ma na waiga. Ruwa na ɗiga ta ƙasa, digo-digo, a kan kwalta.

Na ga matar Auta da jikokina a tsakar gida. Na ga Auta da ankwa. Ni me ya rage mini? Na buɗe ƙofa na fito, na riƙe hannun rigar ɗan sandan ina kuka, na ce wa Auta, "Gaya masa nawa ne. Ni na dafa, ni na sa ka ɗauko. Gaya masa!"

Ɗan sandan ya dubi Auta yana tambaya. Auta ya yi magana gajeriya. Sai na ga fuskar yaron ta sauya. Ya riƙe kafaɗata ya zaunar da ni a mota, ya ce, "Yumma, yumma," wato uwa da harshensu. Ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla!" wato mu tafi, ya ruga motarsa, ya sha gabanmu, ya kunna jiniya.

Muka bi shi, ni a zatona kurkuku za a kai ni. Na fara cire 'yan kunnena ina cewa a ba Hafsatu jikata, akuyar da ke wurin maƙwabta a sayar a yi wa Malam sadaka.

Auta ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba tunda na haife shi. "Inna, ki yi shiru! Ban faɗa masa ba. Kina tsammanin zan buɗe baki in ba da ke? Cewa na yi ba ki da lafiya, shi ya sa muka tsaya. Asibiti zai kai mu."

Hawaye na zuba a fuskarsa yana tuƙi. Ga ɗan sanda a gaba yana buɗe mana hanya, motoci na kaucewa, ga abin da ke but yana kaɗawa.

Hatta

Ƙaryar Auta ta zama gaskiya. Da aka ɗaura mini abin awo a hannu, ma'aikaciyar ta zaro ido ta kira likita. Jinina ya hau sosai. Aka kwantar da ni, aka sa mini ƙwaya a baki. Gadon yana kallon taga, tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Motarmu na tsakiyar rana. Ɗan sandan bai tafi ba. Ya shigo da robar ruwa ya ajiye mini, ya fita, ya je ya tsaya a inuwar wani bango, tsakaninsa da but ɗin bai fi tsawon tabarma biyu ba, yana latsa waya.

Duk sanda aka sake awo sai a ga bai sauka ba. Likita ya ce wa Auta a tambaye ni me ke damuna. Na ce a ce masa mijina ne ya rasu. Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Na ga ɗan sandan ya ɗaga kai. Na ga ya taka ya zagaya motar, ya tsaya a baya, ya dubi ƙasa. Ya daɗe a wurin. Na rufe ido na ce, Ya Allah, kai ka ba ni ɗan nan nawa. Da na buɗe, ɗan sandan yana tahowa. Ya leƙo ƙofa, ya ɗora hannu a ƙirji, ya yi wa Auta 'yar magana, ya tafi. Na ce me ya ce. Auta ya ce, "Cewa ya yi in kula da ke. Kuma in wanke motata."

Ana kiran sallar Juma'a aka sallame mu. Auta bai nufi gonar ba. Ya bi wata hanyar tsakuwa har wani busasshen kwari, ba kowa sai duwatsu. Ya kira Bitrus ya gaya masa komai, har abin da na ce wa ɗan sanda.  Sai muka ji yana jan hanci.

"Mama ta ce nata ne?"

Auta ya ce, "Haka ta ce."

"Zubar, Sagir. Zubar da ita." Can ya ƙara da ƙaramar murya, "Ko da ɗan na ƙasan nan ne, inda yis ɗin yake kwanciya, in da 'yar kwalba..."

Na ce, "Bitrus!"

Ya ce, "A'a, a'a, duka. Mama, ki yafe mini. Ban taɓa tunanin sunan wa ke kan takardar gidan ba."

Na ce na yafe, Allah ya ba da zaman lafiya da amarya. Auta ya tuttular da su ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta shanye nan take. Ya cuɗa jarkokin da yashi, ya jefa su a wata babbar ma'ajiyar shara a bakin hanya, har da zannuwana uku. Juma'a ta wuce shi. Muka yi azahar a kan tsakuwa da ruwan da ɗan sandan ya ba ni. Ya daɗe a sujada.

Komawa

Da yamma muka wanke ɗakin da omo, na turara shi, na ɗora miyar kuka da daddawa har maƙwabta suka rufe tagogi. Ranar Asabar mai gyaran famfo ya shigo, ya leƙa ban-ɗaki, ya toshe hanci, ya fita. Na ƙarasa watana a falo, inda Auta ya yarda in kashe esi yadda nake so. An kai ni bakin teku da kasuwar zinariya, amma duk sanda na ji jiniya sai in waiga.

Na sauka Kano da rana, na iso Malumfashi ana kiran magariba. Matar Auta ta tare ni a zaure, goyo a baya, ta ce, "Inna, ya kika baro shi?" Na ce, "Na baro shi yana fita aiki da safe yana dawowa da yamma." Ta ce, "To ai dama." Na ce haka ne, na shige ɗaki na yi kukana.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hajiya Balki, da Hassana da ta jure tsayawata. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Yaron nan ɗan sanda kuwa ban san sunansa ba. Ko bai gane abin da ke ɗiga ba, ko ya gane ya dubi tsufana, shi da Allah suka sani. Ni dai duk asuba in na gama yi wa Malam addu'a, shi ne na biyu.